Hannun da Na Sa Wa Clive

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

To, na dai sha shayi, hankalina ya ɗan kwanta. 'Yata Leanne ce ta bugo da safe ta ce kada in je ɗauko Milda daga makaranta, ita za ta je da kanta. Shekara uku ke nan duk Alhamis ni nake ɗauko jikata, in kai ta wurin koyon iyo, mu biya mu sayi soyayyen dankali ta shafe min kujerar mota da mai. Yau ina zaune da makullin mota a hannu har ƙarfe uku ta wuce, sannan na mayar da shi kan ƙusarsa.

Duk a kan takarda ɗaya ne. Majalisar gari ta liƙa sunayen masu takarar kansila, kuma ƙarƙashin kowane ɗan takara akwai sunan mutum biyu da suka sa masa hannu ya tsaya, kamar yadda doka ta ce. Ƙarƙashin Clive Odling na jam'iyyar Ƙasa Tamu akwai sunan ƙanin matarsa, akwai kuma Hazel Maltby. Ni ke nan.

"Mama, ke ce, ko akwai wata Hazel Maltby a garin nan?" in ji Leanne.

"Clive ne fa," na ce. "Shekara talatin shinge ɗaya ne tsakaninmu."

"Kin san abin da suke faɗa a kan mutane irin Rimas?"

Rimas mijinta ne. Daga Lithuania ya zo shekara goma sha bakwai da suka wuce, ya fara da yankan kabeji a gona, yanzu yana da motarsa ta aiki da sunansa a jiki, yana gyaran famfo da na'urar ɗumama gida. Na ce mata ai ban sa tabarau ba lokacin da Clive ya kawo takardar, na ɗauka ta koke ce a kan ramukan titi. Ta ce aiki na jiranta.

Na san 'yata, fushinta irin na ubanta ne, ya tashi da safe ya sauka kafin abincin rana. Zuwa Lahadi za su zo cin abinci kamar kullum.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Na je ofishin majalisa in ce a cire sunana. Wata yarinya na tarar a kan tebur, da zobe a hanci, amma mai ladabi. Na ce ta yi haƙuri zan dame ta, ta ce ni ce zan yi haƙuri da tsayuwar layi, muka yi ta ba juna haƙuri har na kusa manta abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ta shiga ta tambayo babba, ta dawo ta ce da zarar an rufe karɓar takardu ba a janye hannu. Bakin alƙalami ya bushe.

"Amma fa sa hannu ba ya nufin za ki zaɓe shi," in ji ta. "Kin dai yarda ya tsaya ne kawai."

Maganar nan ta yi min daɗi, har na rubuta ta a bayan tikitin bas don in karanta wa Leanne. Da zan fita na tsaya gaban allon da aka liƙa sunayen. Rubutun ƙanana ne, tsuntsayen teku sun yi wa gilashin kashi, kuma a bayan wurin ajiye kekuna yake. Wa zai tsaya karanta wannan? Na dawo gida zuciyata wasai.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Garin nan kaf sun karanta.

Ko rigar ruwa ban cire ba a shagon gwanjon agaji da muke tsarewa ni da ƙawata Noreen duk Asabar, ta ɗago kai daga cikin tulin riguna.

"Ga 'yar siyasa ta iso. Ki zaɓi kwat tun da sauran na kirki, ba a shiga majalisa da wannan suwaitar taki."

"Noreen, ki kiyaye ni yau."

"Ni me na ce? Ai har ɗana ya ce ashe Anti Hazel tana da zuciya."

Haka aka wuni. Mai kifi ya leƙo ya ɗaga min babban yatsa. Wata mata da ban san sunanta ba ta kama hannuna ta ce gara da irinmu suka fara fitowa fili. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne tsohon malamin lissafin Leanne, mutumin da shi da ubansa da kakansa jam'iyya ɗaya suka taɓa sani. Ya sayi kofuna biyu, ya sunkuyo ya ce, "Mun gaji, Hazel. An rufe banki, an rufe gidan waya, bas sau biyu a rana. Ko kare suka tsayar zan gwada shi."

Tunda ba mai karanta littafin nan, zan faɗa: abin ya yi min daɗi na ɗan lokaci. Tun rasuwar Des, mijina, ba wanda ya dube ni da wani abu ban da tausayi.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na gasa nama na mutum huɗu. Zai yi min sanwic har Laraba.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Clive ya shigo bayan ya fitar min da kwandon shara bakin titi, aikin da yake yi duk Litinin tun Janairu ba tare da na roƙe shi ba. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa masa, da na gan shi a ƙofa sai na ce ko zai sha shayi. Mutumin da ya ɗauki akwatin gawar mijinki a kafaɗarsa, ta ina za ki fara?

"Na ji Leanne ta ɗau zafi," ya ce yana tsoma biskit. "Yaran yanzu ke nan. Ki ce mata Rimas ai namu ne. Wa ya zo ya gyara min na'ura a tsakiyar sanyi ya ƙi karɓar ko fam ɗaya? Ba irinsu muke nufi ba."

"To irin su wa kuke nufi, Clive?"

"Ke ma kin sani. Ƙasa ta cika, Hazel, kwano ɗaya hannu dubu. Ke da kika ga abin da kika gani a Janairu ba sai an gaya miki ba."

Na tashi na ƙara ruwa a butar shayi duk da cike take. Ba na son maganar Janairu.

Kafin ya tafi ya fito da takardar liƙawa a taga, da hotonsa ya ɗaura taye ya yi wani murmushi da ban taɓa ganinsa da shi ba. Na ce masa mai wankin tagogi zai zo a makon nan, ya bari tukuna. Ya bar ta a kan tebur, ni kuma na tura ta ƙarƙashin tiren burodi. Na ji daɗi da muka rabu lafiya, ba a ɓata ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na tura wa Leanne maganar yarinyar ofis a waya. Ta buɗe, na ga alamar ta buɗe. Ba amsa.

Gidaje ashirin da shida ne a layinmu, goma sha ɗaya sun liƙa fuskar Clive a taga. Duk inda na juya yana min murmushi.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Na fita sayen madara, sai ga ni a layin makaranta. Na ajiye mota nesa, bayan wata babbar motar kaya, na sunkuya kamar ɓarauniya. Milda ta fito da jakar iyo tana jan ta a ƙasa, abin da na hana ta sau ɗari. Ubanta ne ya yi mata kitso yau, daga nesa ma an san hannunsa, jela ɗaya a sama ɗaya a kan kunne. Tana dariya, ta yi ɓulɓul, ba abin da ya same ta.

Hankalina ya kwanta ƙwarai da na gan ta lafiya. Sai da na iso gida na tuna ban sayi madarar ba.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Noreen ce ta gaya min, kuma wannan karon ba tsokana a bakinta. Na bar mata shagon na tafi.

Na tarar da Rimas a gaban gidansu da bokiti da soso, yana goge gefen motar aikinsa. Da fenti aka yi, manyan haruffa, a kan sunansa. Ba zan rubuta abin da aka rubuta ba. An fasa madubi ɗaya, akwai kuma wani abu da aka tura ta kafar wasiƙu ta jikin ƙofa wanda bai bari na gani ba. Da ya gan ni ya miƙe ya goge hannu a wando.

"Sannu, Mama. Ki kula da gilashi a ƙasa."

"Milda fa?"

"Tana gidan ƙawarta. Ba ta gani ba, na tashi da wuri."

Leanne ta fito bakin ƙofa, hannuwa harɗe a ƙirji. Ba ta ce in shigo ba. Ta nuna motar da haɓa.

"Kin iya karanta wannan, ko yau ma ba tabarau?"

Rimas ya ce mata wani abu a hankali, ta koma ciki. Na ce ya ba ni soso ɗaya, ya ce zai ɓata min hannu, na ce hannun nawa ne. Mun yi kusan awa guda muna gogewa. An ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, ni a gidanmu uwar ce ta jawo wa 'yar.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ba wanda ya ji rauni. Madubi ne kawai. Ba wanda ya ji rauni.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Clive ya ji labari. Ya tsaya a bakin shinge fuskarsa ta yi ja, ya ce wannan aikin 'yan iska ne, jam'iyyarsu ba ta san da shi ba, in ya gano ko wane ne da hannunsa zai kai shi wurin 'yan sanda. Na yarda da shi, Clive ko gizo-gizo ya gani a banɗaki a kofi yake fitar da shi. Na dai ce masa wanda ya yi rubutun ba shi ya ƙirƙiro kalmomin ba, a wani wuri ya ji su. Ya ce wannan ba adalci ba ne. Yau bai shigo shan shayi ba, amma ya fitar da sharar.

Alhamis, ƙarfe uku da kwata

Yanzu suke fitowa. Ina gida, na wanke labule.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na kai wa Des furanni a kabarinsa. Na share masa ganye, na ba shi labarin farashin man shanu da ciwon gwiwar Noreen. Sauran ban faɗa masa ba. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, in na yi shiru haka ya san akwai magana.

Alhamis, ranar zaɓe, ƙarfe goma sha biyu na rana

An wuce wurin, na gode wa Allah.

A zauren coci aka yi, kamar kullum. Karnuka uku ɗaure a bakin ƙofa suna jiran iyayen gidansu. Ban taɓa ganin layi a zaɓen kansila ba sai yau, har da mutanen da na san rabonsu da rumfar zaɓe tun Leanne na goye. Clive na tsaye a waje da furen ƙyalle na jam'iyyarsu a ƙirji yana gaisawa da kowa.

Ina cikin layi sai ga Rimas da kayan aiki a jikinsa, shi ma yana da ƙuri'a a zaɓen gari. Clive ya tare shi ya miƙa hannu. Rimas ya dubi hannun, ya kama, ya ce, "Ina fata na'urar ba ta sake ba ka wahala ba." Clive ya ce lafiya lau take. Suka yi maganar ruwan sama, kowa ya kama gabansa. Da zan shiga Rimas ya riƙe min ƙofa, ya tambaye ni ciwon bayana.

Na daɗe a cikin ɗan akurkin nan na kaɗa ƙuri'a da fensir a hannu. Wanda na zaɓa tsakanina da fensirin ne.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Clive ya ci, da tazara mai yawa. Ba shi kaɗai ba, rediyo ta ce 'yan Ƙasa Tamu sun kwashe kujeru gari bayan gari, har wuraren da ba a taɓa zato ba. Ana ta busa ƙahon mota a layinmu. Ni dai na ji sanyi a raina da abin ya ƙare, za a cire takardar nan daga allo.

Kuma dabara ta faɗo min. Ina neman batir a aljihun tebur na ci karo da takardun Rimas na neman zama ɗan ƙasa. A kicin ɗin nan ya yi karatun jarrabawar bara, ina yi masa tambayoyi daga littafi, sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekarunsu. Shi ya ci, ni da aka haifa a nan da muka gwada faɗuwa na yi. Ya bar shafi ɗaya da ba a cike ba, da ɗan hotonsa: na shaidar wani mai muƙami, wanda ba dangi ba, da zai sa hannu ya ce ya san shi mutumin kirki ne. A jerin masu muƙamin akwai kansila.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na buga ƙofar Clive da takarda a hannu, kamar yadda ya buga tawa.

"Na sa maka, ka sa min," na ce.

Ya karanta, shi har da bin layi da yatsa. Na shirya faɗa, sai ya yi dariya ya ce a ba shi alƙalami.

"Hannuna na farko a matsayin kansila. Ki ce wa Leanne ta gani, mu ba dodanni ba ne. Mai aiki, mai biyan haraji, ga ƙofa a buɗe."

Na fito ina jin kamar an sauke min buhun dankali daga ka. Na yi kek ɗin lemo, wanda Leanne ke so. Gobe zan kai.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Garin neman gira na rasa ido.

Leanne ta karanta a tsaye a bakin ƙofa, ta yi wata dariya marar daɗi.

"Wato mutumin da ya ci zaɓe da cewa mun yi yawa, shi zai ba mijina shaidar mutumin kirki? Sai mu je mu yi masa godiya ke nan?"

"Na ɗauka zai taimaka."

"Wa ya roƙe ki, Mama? Abu ɗaya nake jira daga wurinki wata guda, kin kawo min kek."

Rimas ya karɓi takardar ya ninke ta da kyau ya miƙo min. Ya ce ya gode, amma ya riga ya tura tasa tun watan jiya, shugabar makarantar su Milda da likitan haƙori suka sa masa hannu. Kek ɗin dai ya karɓa. Ban san abu ɗayan da take jira ba, na ba ta haƙuri ya fi sau goma.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Na san abin da take jira.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Rimas ya zo duba na'urar ɗumama gida. Duk shekara farkon watan Mayu yake zuwa, yana cikin littafinsa, kuma shi abin da ke littafinsa ko sama za ta faɗo sai ya yi. Ya kwanta a ƙasan kicin ya cusa kai ƙarƙashin na'ura. Daidai wurin. Ina tsaye da kofin shayinsa a hannu ina kallon ƙafafunsa, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce masa na karanta takardar Clive. Sau biyu na karanta, na ga sunan jam'iyya, na san me suke faɗa, na sa hannu da sanina.

Bai fito ba, ya dai daina buga ƙarfe. Na ci gaba, don da ya fito ya dube ni da ban iya ba. Na ce ranar nan ta Janairu ƙarfe goma na safe Des ya faɗi a nan. Na kira motar asibiti suka ce suna zuwa, kada in motsa shi, akwai mutane a gabanmu. Na sa masa matashi na zauna ina jira. Sha ɗaya, sha biyu, ɗaya. Sau biyu na sake kira, kowane karo sai da na ba su haƙuri don na dame su. Lambar Rimas na cikin wayata, yana aiki layi uku daga nan, ban kira shi ba sai ƙarfe biyu, don kada in katse masa aiki. Cikin minti bakwai ya iso ya ɗauki Des a hannu ya sa a mota. Likita ya ce da an zo da wuri, sai kuma bai ƙarasa ba.

Wata biyu ina kwana ina tashi da awa huɗun nan. Sai Clive ya zauna a kujerar can ya ce ba laifina ba ne, ƙasa ce ta cika, baƙi sun cinye layin asibiti. Shi ne mutum na farko da ya ɗauke min laifin ya ɗora wa wani, kuma na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Ko da na ɗauki alƙalami na san wanin da ake nufi har da wanda ya ɗauki mijina a hannu.

Rimas ya fito a hankali ya zauna a ƙasa, ya karɓi shayin da ya riga ya huce.

"Na san kin karanta, Mama."

"Wa ya gaya maka?"

"Tabaraunki na tuƙi ne. Littafin jarrabawar nan gaba ɗaya da idonki kika karanta min shi, har ƙananan rubutun ƙasa. Leanne ta sani tun a waya ranar farko."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido. Wata guda ina ta kare ƙaryar da ko minti ɗaya ba ta yi rai ba.

Na tambaye shi ko ya ji haushina. Ya ce ƙwarai, ranar da yake goge mota ya ji, har yanzu ma da saura. Ya ce amma maganar awa huɗu bai taɓa sani ba, ya ɗauka faɗuwar ke nan na kira shi. Ya shanye shayin ya ce na'urar lafiyarta ƙalau, sai baɗi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce Leanne tana tashi daga aiki ƙarfe huɗu gobe, shi kuma zai kai Milda wurin lilo, ba za su dawo da wuri ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Na je, ba kek.

Ba zan rubuta duk abin da ta ce ba, wasu na cancanta, wasu sai dai in bar su a kicin ɗinta. Ta ce ita ma ubanta ne, ita ma ta yi fushi da motar da ba ta zo ba, amma ba ta je ta sa hannu a kan mijinta da 'yarta ba. Na ce haka ne. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne na mayar da ita sakarya da maganar tabarau. Na ce haka ne. Da na zo kan awa huɗu ta zauna, ta rufe baki da hannu.

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Kina wurin aiki."

"Mama, ke da wannan rashin son damun mutane, wata rana gida zai kama wuta ki jira 'yan kwana-kwana su gama cin abinci."

Muka yi dariya, muka yi kuka, ban san wanne ya riga ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce ba ta son ganin Clive kusa da Milda, na ce to. Ta ce Lahadi tukuna, ba ta shirya zama a teburin ba, na ce to. Sai da na sa rigar ruwa zan fita ta ce, tana kallon cikin firji, "An canza musu lokaci, ƙarfe huɗu saura kwata ake shiga ruwa yanzu. Kada ki saya mata dankali babba, ba ta cin abincin dare."

Na zauna a mota na daɗe kafin na tayar da ita. Rabon da in ji numfashina ya kai har ƙasa haka tun kafin Kirsimeti.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na yamma

Tun biyu da rabi ina bakin makaranta, a gaba, inda kowa ke gani. Ta fito tana jan jaka a ƙasa, ta gan ni ta yar da ita gaba ɗaya ta rugo.

A mota ta ba ni labarin wata guda a minti goma, haƙorin da ya fita, da malamar da ta yi aski, da sabon madubin motar babanta. Sai ta leƙo fuskata.

"Kaka, kin warke?"

"Daga me?"

"Mama ta ce ba ki da lafiya, shi ya sa ba kya zuwa. Ta ce kada in damu, kina sona, jikinki ne kawai. Na yi miki kati amma na manta shi a aji."

Na ce mata da sauƙi sosai. Ashe duk makonnin nan da Leanne ba ta iya duban fuskata, ita ce take rufa min asiri a wurin 'yarta.

Na hau benen masu kallo na zauna, Milda na can ƙasa da jar hular roba tana ɗaga min hannu duk sanda ta kai bango. Hawaye suka ƙi tsayawa. Wata mata a gefena ta dube ni, na ce mata maganin da suke zubawa a ruwan ne ke shiga min ido, ta ce ita ma yana yi mata haka. Sai na taɓa hannunta.

"Ƙarya nake yi," na ce. "Kuka nake. Waccan mai jar hular jikata ce, wata guda ban riƙe ta ba, kuma ni na jawo."

Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ba ni haƙuri sau biyu, ta laluba jaka ta miƙo min hankici, sannan ta gyara zama ta ce in nuna mata wacce ce.